An Gayyace Ni Taron Masu Fina-finan Batsa a Amurka, Ko Zan Iya Zuwa Don Sanin Mutane Kawai?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a nan Kano, sana'ata editin bidiyo, ina da ɗan ofis a Zoo Road, kuma ina karɓar aiki daga ƙasashen waje ta intanet. Akwai wani Bature da na yi kusan shekara guda ina haɗa masa bidiyon talla, bai taɓa cin mini ko kwabo ba. Yanzu ya ce zai biya mini kuɗin jirgi da otal in same shi a Las Vegas a watan Janairu, wai akwai babban taron 'yan masana'antar nishaɗi, zai haɗa ni da manyan kamfanoni. Da na binciki sunan taron sai na ga ashe na masu fina-finan batsa ne. Ya ce ba ruwana da abin da suke yi, in zo in san mutane kawai, don a nan ake samun masu biya da dala. Malam, zuciyata ta rabu biyu. Ko zan iya zuwa in ƙulla hulɗa in dawo? In kuma ba zan je ba, a ina irinmu za su samu dama kamar wannan?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka bincika kafin ka miƙa fasfo. Tambayarka biyu ce. Ta farko, shin mutum zai iya shiga taron wata masana'anta ya kwashi mutanenta ba tare da ya ɗebo sana'arta ba? Ta biyu, in an rufe wannan ƙofa, wace za a ƙwanƙwasa? Na yi sama da shekara ashirin a harkar sayar da fim, tun zamanin da muke sauke katan-katan na kaset a Ƙofar Wambai, kuma na halarci kasuwannin fim da baje koli a gida da waje. Ban taɓa taka taron da aka gayyace ka ba, ban kuma taka makamancinsa ba, abin da zan faɗa game da shi sanannen abu ne da jaridu suka daɗe suna kawowa. Amma yadda ake ƙulla hulɗa a taron 'yan sana'a, wannan kam da ƙafata na koye shi, kuma ko'ina salonsa ɗaya ne.

Wane irin taro ne

In a Las Vegas ne kuma a Janairu, kusan tabbas AVN Adult Entertainment Expo ake nufi, wanda ake yi tun 1998. A da, an yi shekaru da dama ana gudanar da shi a mako ɗaya da CES, babban baje kolin kayan lantarki na duniya, a gari ɗaya, shi ya sa har yau mutum zai iya cewa "zan je baje koli a Las Vegas a Janairu" ya bar ka kana zaton kayan fasaha zai je gani. Yana da 'yan'uwa, kamar tarukan XBIZ a Amurka da Venus da ake yi a Berlin ta Jamus tun 1997. Irin waɗannan taruka fuska biyu gare su. Akwai zauren 'yan kallo, inda masu sha'awa ke sayen tikiti su yi layi don ɗaukar hoto da taurarin. Akwai kuma ɓangaren 'yan kasuwa, inda ake laccoci da ganawa a ɗakunan otal da liyafar dare.

Baturen naka bai yi maka ƙarya ba a abu ɗaya. A ɓangare na biyu za ka tarar da mutane cikin kwat, lauyoyi, masu kamfanonin karɓar kuɗi ta kati, masu ajiye shafukan intanet, dillalan talla, masu rubuta manhaja, da editoci irinka. Da yawansu ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kuma hirarsu ta lissafi ce da kwangila. Wannan shi ne abin da ke sa gayyatar ta yi kama da halal. Sai dai duk wanda ka gani a ɗakin nan, daga lauya har mai manhaja, tukunya ɗaya ce ke ciyar da shi. Ba wanda ya biya kuɗin rumfa don ya nemi editan da zai haɗa masa tallan shinkafa.

Yadda hulɗa take ƙulluwa a taro

Matasa da yawa suna ɗauka cewa zuwa taro shi ne ka zagaya rumfuna ka tara kati ka dawo. Na yi haka a tafiyata ta farko, na dawo da kati cike da aljihu, ko ɗaya bai zama ciniki ba. Abin da ke zama ciniki shi ne gabatarwa. Wani da ake yarda da shi ya dafa kafaɗarka ya ce da wani, "Ga wane, abu kaza yake yi." Wannan jimla ɗaya ita ce duk abin da mutum zai riƙe game da kai bayan ya gaisa da mutum ɗari biyu cikin kwana uku.

Bari in ba ka misali da abin da ya faru da ni a Wagadugu ta Burkina Faso lokacin FESPACO, babban bikin fina-finan Afirka. Na yi kwana biyu ina zaune a kasuwar fim ta MICA da faifaina a gabana, masu wucewa suna ɗaga kai su wuce. A dare na biyu wani abokina ɗan Nijar ya ja ni wajen cin abinci a farfajiyar wani otal. Ana ta hayaniya da Faransanci, ni kuwa ina gefe riƙe da kofin zoɓo, wanda su suke kira bisaf. Sai ya kamo hannuna ya kai ni gaban wata mata mai saya wa wani gidan talabijin shirye-shirye, ya ce, "Wannan shi ne mai fina-finan Hausa daga Kano." Ba mu yi minti biyar muna magana ba. Bayan wata huɗu wani mutum da ban taɓa gani ba ya bugo mini waya, ya ce ita ta ba shi lambata, an ce ni ne mai fina-finan Hausa daga Kano. Ko sunana bai riƙe daidai ba, wannan laƙabin ya riƙe. Shekaru ina cin abinci da jimlar da abokina ya furta a tsaye cikin hayaniya.

To kai fa, da wace jimla za a gabatar da kai a Las Vegas? "Ga editana daga Najeriya, yana da sauri, yana da araha, ba ya saɓa lokaci." Wanda ya ji wannan a wancan ɗakin, wane aiki yake da shi da zai turo maka? Wanda shi kuma zai ba lambarka, me yake sayarwa? Hausawa sun ce sabo da maza jari, gaskiya ne, amma jarin a kasuwarsu kaɗai yake ciyuwa. Ba za ka ɗauki sanayyar da ka yi da mai shafin batsa ka kai ta gidan talabijin ko kamfanin sadarwa ta yi maka amfani ba. Hasali ma ɓoye ta za ka riƙa yi, aikin da ka yi masa ba zai shiga cikin samfurin da kake nuna wa masu neman edita ba, sunansa ba zai shiga takardarka ba.

Maganar "ba ruwanka da abin da suke yi" kuwa, da akanta aka faɗa wa ko mai gyaran wuta, da sai a zauna a yi muhawara. Kai edita ne. Ka fi kowa sanin cewa babu wanda ke kallon fim kamar edita. Darakta ya gani sau ɗaya a wajen ɗauka, ɗan kallo ya gani ya wuce, kai ne za ka zauna da ɗanyen hoto awa shida, kana mayarwa baya, kana tsayarwa, kana zaɓen inda za a yanka, da abin sauraro a kunnenka. A sana'arka babu gefen da za ka tsaya ka ce ban gani ba.

Sannan ka yi tunanin kuɗin jirgi daga Kano zuwa yammacin Amurka da dawowa, da kwanaki a otal a makon da garin ya cika. Ruwa ba ya tsami banza. Ba na zargin mutumin da mugunta, mai yiwuwa a wajensa alheri yake yi maka, don a ƙasarsa sana'a ce da doka ta sani. Amma ɗan kasuwa ba ya kashe wannan kuɗi sai ya riga ya ga inda za ka mayar masa. Mafi kusa shi ne yana da aiki a wannan fanni, ko yana son shiga, kuma yana buƙatar edita mai araha wanda ya riga ya gwada. In ka ci abincinsa ka kwana a ɗakin da ya biya, a ƙasar da ba ka san kowa ba sai shi, ranar da ya ajiye maka aikin farko bakinka zai yi nauyi.

Akwai kuma hoto. A irin waɗannan taruka ana rataya maka kati a wuya da sunanka da na kamfaninka, masu ɗaukar hoto suna yawo dare da rana, kuma mujallun masana'antar suna zuba hotunan liyafa a intanet, wannan yana cikin tallan taron. Na ga abin da hoto ɗaya ya yi wa wani abokin aikina, kuma ba ma a irin wannan wuri ba, a liyafar bikin fim ce a wani otal a Legas. Yana tsaye da ruwan roba a hannunsa, amma teburin da ke gabansa cike da kwalabe. Kafin jirginsa ya sauka a filin Malam Aminu Kano hoton ya zaga WhatsApp, har ya kai ga gidan da yake neman aure. Ya yi wata biyu yana bin manya yana rantsuwa. Shi yana da gaskiyar da zai faɗa, kuma akwai waɗanda suka shaida. Kai in an gan ka da sunan wancan taro rataye a ƙirjinka, me za ka ce wa mahaifiyarka?

Dalar da ake maka kwaɗayi da ita

Yana da kyau ka san dalilin da ya sa suke biya da tsoka. Bankuna da kamfanonin kati suna ɗaukar wannan masana'anta a matsayin mai haɗari, suna cajin ta fiye da kowa, kuma suna iya yanke ta rana ɗaya. A Disambar 2020, bayan wani rubutu a jaridar New York Times ya fallasa bidiyon yara ƙanana da na waɗanda aka ɗora ba da yardarsu ba a shafin Pornhub, Visa da Mastercard suka daina karɓar masa kuɗi, shafin ya goge miliyoyin bidiyo cikin 'yan kwanaki. A Agustan 2021 shafin OnlyFans, inda ake biyan kuɗi a kalli bidiyo, ya sanar zai hana batsa saboda matsin bankuna, sannan ya janye cikin mako guda. A Oktoban shekarar Mastercard ta fara aiki da sababbin sharuɗɗa na tabbatar da shekaru da yardar duk wanda ya fito a bidiyo. Manyan dandalin neman aiki irin Upwork da Fiverr sun haramta aikin batsa a ƙa'idojinsu. Ma'ana, asusun da kake karɓar halaliyarka da shi yau, wanda ka yi shekaru kana tara masa suna, shi za ka sa a caca.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗanyen hoton da zai zauna a kwamfutarka. A Amurka doka ta wajabta wa masu shirya irin waɗannan fina-finai su ajiye takardun shaidar shekarun kowane mai fitowa, sashen da suke kira 2257. Takardun suna can wajensu. Kai da ke Zoo Road ba ka da hanyar sanin yarinyar da ke cikin hoton shekarunta nawa, ko da son ranta aka ɗauka, ko tilasta ta aka yi. Sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 kuwa ya sa mallakar batsar yara a kwamfuta, ko da ba kai ka ɗauka ba, cikin laifukan da ake ɗauri a kansu. Ga kuma gida: Kano tana ƙarƙashin dokokin Shari'a tun 2000, Hukumar Tace Fina-finai tana nan tun 2001, ga Hisba. Rana ɗaya kwamfuta za ta lalace ka kai ta gyara Farm Centre, ko yaron ofis ya jona filashinsa, shi ke nan magana ta fita. Mu da muka ga 2007 ba ma mantawa. Bidiyon waya ɗaya na wata 'yar fim ya fita, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka tsaurara dokoki, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa abinci, wasu suka kwashe kayan aikinsu zuwa Kaduna. Abin da ya sami mutum ɗaya a Zoo Road, duk layin yake shafa.

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ba kuma lauya ba, don haka hukuncin dalla-dalla ka nema wajen masu shi. Amma aya ta 2 a Suratul Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan saɓo, ɗan Islamiyya ma ya san ta, kuma ina jin ita ce ta raba maka zuciya biyu tun kafin ka rubuto.

Batun biza a taƙaice. Takardar neman bizar Amurka tana tambayar dalilin tafiya da sunayen shafukanka na sada zumunta na shekara biyar, kuma a Abuja ko Legas za a tambaye ka baki da baki. In ka faɗi sunan taron, ya shiga fayil ɗinka. In ka ɓoye ka ce wani taron za ka, aka gano, ƙarya a neman biza tana iya jawo haramcin shiga ƙasar na har abada. A Yulin 2025 ma an mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, ta wata uku.

Shawarata ita ce kada ka je. Ka rubuta masa da ladabi, gajere, ba wa'azi, ba zagi. Ka gode masa, ka ce addininka da dokar inda kake zaune ba su ba ka damar aiki da wannan fanni ba, ko halartar taronsa, amma kana nan a kan aikin talla kamar yadda kuka saba. Turawa 'yan kasuwa sun fi gane magana a fili fiye da kwana-kwana. Kada ka ce ba ka da lafiya ko fasfo ya ƙare, don baɗi zai sake gayyata. In ya ci gaba da turo aikin talla, ka riƙa tambayar na wane kamfani ne da inda za a ɗora shi kafin ka karɓa. In kuma ya ɗauke ƙafa, ka san dama can inda ya nufa da kai.

Inda irinku ke samun dama

Ɗakunan da edita zai shiga ya fito da kansa a sama suna da yawa, wasu ma ko biza ba sa buƙata. A nan Kano akwai KILAF, biki da kasuwar fina-finan harsunan Afirka. A Abuja akwai bikin Zuma na Hukumar Fina-finai ta Najeriya. A Legas akwai AFRIFF da aka fara a 2010, inda furodusoshin Kudu da wakilan manyan dandalin kallo ke taruwa, kuma ana yin bita kan sana'o'in bayan kyamara. FESPACO tana nan tun 1969, duk bayan shekara biyu. Durban FilmMart a Afirka ta Kudu kasuwa ce ta masu neman jari da abokan aiki. A Jidda an fara bikin Red Sea a 2021, da kasuwarsa da ke karɓar ayyukan Afirka. In kayan aiki da fasahar bidiyo kake so, akwai IBC a Amsterdam a Satumba da CABSAT a Dubai, har Las Vegas ɗin kanta tana da NAB Show a Afrilu, taron masu watsa shirye-shirye. Kada kuma ka raina baje kolin KACCIMA, ƙungiyar 'yan kasuwa ta Kano, da ake yi a kan titin da ofishinka yake. Kowace rumfa a wurin kamfani ne da ke buƙatar bidiyon talla, kuma mafi yawansu ba su san wanda za su ba ba.

In za ka irin waɗannan wurare, aikin yana farawa tun kafin ka hau mota. Ka samo jerin mahalarta, ka zaɓi mutum biyar zuwa goma da aikinka ya dace da nasu, ka rubuta musu mako biyu kafin taro kana neman minti goma. Ka haɗa samfurin aikinka da bai wuce minti ɗaya da rabi ba, ka sauke shi a waya, don intanet ɗin zauren taro ba abin dogaro ba ne. Ka tanadi jimlarka da kanka, gajera, wadda wani zai iya maimaitawa, misali edita daga Kano mai haɗa talla da Hausa da Turanci. Hausar nan da kake ganin ba komai ba ita ce abin da editan Indiya ko na Filifin ba shi da shi, kuma kamfanoni da ƙungiyoyin da ke son isa ga mutanen Arewa da Nijar suna nemanta.

Liyafar dare kuwa ko a tarukan fim na mutunci akwai giya, kada a ruɗe ka. Abin da na saba shi ne in je da wuri, lokacin da mutane ke cikin hankalinsu kuma kiɗa bai yi ƙarfi ba, in riƙe ruwa ko lemo a kwalbarsa yadda kowa zai ga ko mene ne, in gaisa da waɗanda na zo dominsu, in fice kafin dare ya yi nisa. In za a ɗauki hoto ina duba abin da ke gabana da bayana. Ban taɓa rasa ciniki don na ce ba na sha ba. Mafi yawan cinikin da na ƙulla ma a wajen karin kumallo ne a otal, ƙarfe bakwai na safe, lokacin da mai sayen fim ke zaune shi kaɗai da kofin shayi. Wurin sallah ma haka, a nan na san 'yan Senegal da Mali da Masar da har yau muke aiki tare.

Kowane kati ka karɓa, ka juya bayansa ka rubuta abin da kuka tattauna kafin ka kwanta. In ka dawo Kano kada ka wuce kwana uku ba ka aika saƙo ba, ka tuna masa inda kuka haɗu, ka haɗa da samfurin da ya shafi abin da ya ce yana nema. Cikin goma wataƙila biyu su amsa, a cikin biyun nan ɗaya zai ba wani lambarka. Ka fara da na gida a bana, ka tara kuɗin Legas da kanka ko da a mota ne. In lokacin AFRIFF ya matso ka sake rubuto mini, akwai furodusoshi biyu da na san suna neman edita mai jin Hausa, zan kai ka gabansu da kaina.